Tumbina ya tafi, takardar gwajin jini ta zo da wata magana

Wata biyar na yi ban sa tuwon shinkafa a bakina ba, ni da nake zaune a Birnin Kebbi, kuma duk kaka ƙanena yana aiko mana da buhu daga fadamar Argungu. Inna ta gaji ta ce, "Kai ko lafiya? Ina aka taɓa jin Bakabe ya ƙi shinkafa?"

Tsarin da ake kira keto na bi: mutum ya rage sitaci da sukari zuwa ƙasa da giram 50 a rana, har jiki ya koma ƙona kitse. Likitocin Amurka ne suka fito da shi a 1921 don masu farfaɗiya, daga baya masu neman rage ƙiba suka ɗauka. Na bar fura, masa da burodi. Da safe ƙwai huɗu a man shanu, da rana balangu, kuma nakan ce wa mai nama ya zaɓo mini wurin kitse. Daga kilo 104 na dawo 89. Gwiwata ta daina damuna in na tashi daga sujada.

Cike da murna na je gwajin jini. Sukari daidai, HDL, wato kwalastarol mai amfani (kwalastarol wani nau'in kitse ne a cikin jini), shi ma daidai. Amma LDL, kwalastarol ɗin da ke taruwa a bangon jijiyoyin jini, ya kai 212, alhali ƙasa da 100 ake so, daga 190 kuwa an shiga babban haɗari. CRP, mai nuna kumburi a cikin jiki, ya nuna 14, shi da ko 3 ya wuce ana cewa ya hau. Daren nan ban runtsa ba. Shanyewar ɓarin jiki, wadda toshewar jijiyoyin jini kan jawo, ita ce ta yi ajalin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, kuma har gobe ina tuna yadda muke juya shi a kan katifa.

Likita ya dubi takardar ya ce, "Malam, kwanan nan ka yi zazzaɓi?" Lallai kuwa, satin da ya gabata na gama shan maganin maleriya. Ya ce hanta ke fitar da CRP duk lokacin da jiki ke faɗa da cuta, ko ciwon haƙori na iya ɗaga shi, kuma in ya haura 10 sai an sake gwaji kafin a ce komai. Bayan sati uku ya sauko 1.8.

LDL ne ya ƙi motsi. Na so in yi gardama, don na sha kallon bidiyo a waya ana cewa mai keto ba ruwansa da wannan lamba. Likita bai ɗaga murya ba. Ya ce kitse mai daskarewa, irin man shanu da kitsen nama, yana rage wa hanta ƙarfin janye LDL daga jini, kuma wasu jikinsu ya fi na wasu saurin nuna hakan. Ramar da ake yi da sauri ma kan ɗaga shi na ɗan lokaci. Sai ya tambaye ni nawa yake kafin in fara. Na yi shiru. Ban taɓa gwadawa ba, kuma wannan sakacin ya fi komai yi mini ciwo, don yanzu ba mai iya raba abin da na gada da abin da na ci.

Man gyaɗa ya maye gurbin man shanu. Kifin Yauri ya karɓi wurin balangu, sai wake da miyar kuɓewa da kwaɗon zogale, da ɗan malmalar tuwo da dare, abin da ya faranta ran Inna. Bayan wata uku LDL ya dawo 148, kilo biyu kuma suka dawo mini. Likita ya ce saboda tarihin Baba, in bai ƙara sauka ba a gwaji na gaba, za mu zauna maganar magani. Ƙannena uku na kira na ce su je a duba su. Ɗaya ne kawai ya je zuwa yanzu.