Garin Pavarotti da Muryar Mahaifina

Ina aiki a wata masana'antar tayil da ke Sassuolo, ina kwana a Modena, a arewacin Italiya, garin da ba za ka yi mako guda a cikinsa ba sai wani ya ambata maka Luciano Pavarotti, shahararren mawaƙin ofera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa. Babban gidan wasan garin da sunansa ake kiransa, kuma a gefensa akwai mutum-mutuminsa na tagulla, ya buɗe hannuwa, riƙe da farin hankicin da aka san shi da shi. Wani dattijo ɗan garin da muke aiki layi ɗaya shi ne ya fara ba ni labarinsa a lokacin hutun cin abinci, yana yi yana dafa ƙirji kamar mai ba da tarihin yayansa.

A 1935 aka haife shi. Mahaifinsa, Fernando, mai gashin burodi ne wanda Allah ya ba murya amma tsoron tsayawa gaban jama'a ya hana shi cin abinci da ita, mahaifiyarsa kuwa a masana'antar taba take aiki. Ya yi koyarwa a firamare, ya yi tallar inshora, yana yi yana ɗaukar darasin waƙa a wajen malaminsa Arrigo Pola tun 1954, daga baya kuma a wajen Ettore Campogalliani. Sai a watan Afrilun 1961 ya fara fitowa a ofera, a Reggio Emilia da ke nan maƙwabta. Wato kusan shekara bakwai yana horar da numfashi da maƙogwaro kafin a san da zamansa. Muryarsa irin wadda ake kira tena ce, muryar namiji mai tashi sama, kuma a 1972 a Niyok ya kai ƙololuwarta sau tara a cikin waƙa ɗaya ba tare da ta karye ba. A 1990, lokacin gasar cin kofin duniya, ya yi waƙa a birnin Rum tare da manyan mawaƙa Plácido Domingo da José Carreras, daga nan har wanda bai taɓa shiga gidan ofera ba ya san shi. Da ya rasu a watan Satumban 2007, firayim ministan Italiya na lokacin Romano Prodi da Kofi Annan sun halarci jana'izarsa a babbar majami'ar garin, jiragen yaƙi suka ratsa sama suna fesa launin tutar ƙasa.

Dattijon nan bai bar ni ba sai da ya saya mini tikitin ofera a gidan wasan nan, muka hau can benen ƙarshe inda kujeru suka fi araha. Ban fahimci kalma goma ba a daren. Abin da ya kama ni shi ne babu lasifika ko ɗaya. Mawaƙin, wani matashi mai faɗin ƙirji, ya ja numfashi har na ga kafaɗunsa ba su motsa ba, cikinsa ne ya buɗe, sannan muryar ta tsallake makaɗa masu yawa ta same mu a sama kamar a kunnenmu yake. Tsigar jikina ta tashi, domin na san wannan. Haka Baba yake yi ranar gayya a ƙauyenmu na ƙasar Katsina: ya tsaya a bakin kunya, gangar noma tana tashi, 'yan amshi a bayansa, ya kira sunan manomin da ke can ƙarshen gona har mutumin ya ɗago ya ƙara wa garmarsa ƙarfi.

Da muka fito na gaya wa dattijon cewa mahaifina ma mawaƙi ne. Ya tsaya cak a kan titi, ya cire hularsa, ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira Baba da sunan girmamawar da suke ba manyan malaman kiɗa. Ban taɓa jin girma irin na wannan lokacin ba tun da na baro gida. Sai ya ce in kunna masa muryarsa a waya. Ba ni da ita. Babu wanda yake da ita. Baba ya yi sama da rabin rayuwarsa yana waƙa, ya rasu ba a taɓa naɗar baiti ɗaya nasa ba, domin babu wanda ya ga abin ajiyewa a cikinsa.

Wannan ne yake cin raina idan na koma ɗaki ni kaɗai. Mutanen da Baba ya sa suka yi suna a gona, su ne suka hana ni 'yarsu, wai ba a haɗa iri da gidan roƙo. Kawun yarinyar ya faɗa wa waliyyina haka a zaure, goron da muka kai yana ajiye a kan tabarma ba a ko kwance shi ba. Ban manta ba, kuma yana daga cikin abin da ya fitar da ni. Na san an karrama Mamman Shata har jami'a ta ba shi digirin girmamawa, amma mawaƙan ƙauye irin Baba nawa ne suka tafi da kansu cike da kirarin zuriyoyi, aka yi musu sallama da dami ɗaya na gero?

Ƙanena Allah ya ba shi muryar Baba sak, Inna kuwa ta rantse ba zai taɓa ganga ba, saboda ta ga abin da aka yi mini. Ba na ganin laifinta, kuma ba zan yi mata musu ta waya daga wata ƙasa ba. Abin da na roƙe ta shi ne ta bar shi ya je wajen tsohon ɗan amshin Baba guda ɗaya da ya rage, wanda yanzu idanunsa suka tafi, ya zauna da shi ya naɗi duk waƙar da ya tuna. Ta ce za ta yi shawara da Baffa bayan kaka. Na riga na aika da kuɗin sabuwar waya, da na goron tsohon.