Shagon Baffa da sashe na 704(c)

Ranar Talata ƙarfe tara da rabi na dare muke tashi daga lakca, kuma kusan duk sati sai na zauna a mota na yi minti goma ban tayar ba, kawai ina kallon sitiyari kaina na hayaƙi. Ni fa akanta ne, na shekara da shekaru ina cike wa mutane takardun haraji a nan Amurka, har na fara ɗaukar kaina wani abu, sai da na shiga digiri na biyu a fannin haraji na ɗauki kwas ɗin nan na harajin haɗin gwiwa mataki na gaba tukunna na san ashe ruwa bai kai min ko gwiwa ba.

Satin farko farfesan namu ya shigo ya rubuta Subchapter K a allo, wato ɓangaren dokar harajin Amurka da ya shafi kasuwancin tarayya, wanda ya fara daga sashe na 701, aka kafa shi tun a dokar 1954. Ya ba mu labarin wani alƙalin kotun haraji, Arnold Raum, da a wata shari'a ta 1964 ya yi ƙorafin cewa abin ya cika ruɗani da sarƙaƙiya har ƙwararrun da suka ƙare rayuwarsu a kai ba sa iya bugun ƙirji su ce sun gane. Muka yi dariya. Wallahi yanzu ba mai dariya a ajin.

Abin haushin shi ne tushen maganar mai sauƙi ne, ko ɗan sakandare zai gane. Kamfani irin na masu hannun jari shi kansa yana biyan haraji, kashi 21 cikin ɗari tun daga 2018, sannan in ya raba riba masu hannun jarin su sake biya, an sha su sau biyu ke nan. Shi kuwa haɗin gwiwa ba ya biyan ko sisi da kansa, bututu ne kawai, riba ko asara ta bi ta cikinsa ta faɗa kan abokan tarayyar kowa ya je ya ji da nasa. Haɗin gwiwar zai cike fom 1065 kafin 15 ga Maris, ya miƙa wa kowane abokin tarayya wata takarda da ake ce ma K-1 mai nuna rabonsa, shikenan. To daga wannan shikenan ɗin ne fa bala'in ya fara, don da zarar ka ce a raba, sai tambaya ta taso, a raba yaya, wa zai ɗauki me, kuma wa ya ce?

Bari in ba ku misalin da ya hana ni barci, irin na aji, Malam A da Malam B (a ajin nan kowa A ne ko B, ba mai suna). Malam A yana da fili da ya saya dala dubu 40 tuntuni, yanzu filin ya kai dubu 100. Malam B yana da tsabar kuɗi dubu 100. Suka haɗa, rabi da rabi. Ranar da suka haɗa ba wanda zai biya haraji, sashe na 721 ya yafe wannan. Bayan wata shida sai suka sayar da filin dubu 100 daidai. A idon kasuwa ba a ci riba ba ba a faɗi ba. Amma a idon hukumar haraji, wato IRS, an sayar da abin da aka saya dubu 40 a kan dubu 100, akwai ribar dubu 60, kuma sai an biya a kanta. Wa zai biya? In ka ce rabi da rabi tunda haka suka yi yarjejeniya, to ka zalunci Malam B, don shi bai ci komai ba, filin ya yi tsadarsa tun yana hannun A kafin ma su san juna. Sashe na 704(c) ya ce wannan ribar da ta shigo a kwance cikin filin ta mai filin ce, shi kaɗai zai ɗauki dubu 60 ɗin. In da dubu 120 aka sayar, A ya ɗauki sittin ɗinsa, ashirin ɗin sama a raba goma-goma.

Har nan lafiya lau. Sai farfesa ya ce to a sayar dubu 90. Yanzu fa kowannensu ya yi asarar dubu biyar ta gaske daga aljihunsa, amma a lissafin haraji riba ce har yanzu, dubu 50, duk a kan A. Shi B fa, ina asararsa ta dubu biyar da zai rage haraji da ita? Babu. Haɗin gwiwar ba shi da wata asara a takarda da zai ba shi, ba ka iya raba abin da babu, wannan ita ce ƙa'idar da suke kira ta silin, ka miƙe ka bugi rufi. Sai dokar ta ba da hanyoyi uku, ko ku bar shi haka B ya haƙura sai ranar da ya fita, ko ku gyara masa da wani abu daban daga cikin lissafin, ko kuma ku ƙirƙiro asarar dubu biyar a takarda ku ba B, ku ƙirƙiro ribar dubu biyar ku ɗora wa A don lissafi ya tashi daidai. Ƙirƙira fa, da izinin gwamnati. Kuma wacce za a zaɓa cikin ukun nan ciniki ne ake zama a yi da lauyoyi tun kafin a sa hannu, wanda lauyansa ya yi barci shi ne zai biya.

Ina cikin wannan lissafin ne, wajen ƙarfe ɗaya na dare, kofin shayi ya huce, sai shagon Baffa ya faɗo min.

Mahaifina da yayansa sun yi kasuwancin atamfa tare a Kantin Kwari shekaru masu yawa. Baffa shi ya kawo shago, ya same shi da araha tun kasuwar ba ta zama abin da ta zama ba, Baba kuma ya kawo kuɗin saro kaya. Riba rabi da rabi, ba takarda ba komai, 'yan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya wa zai kawo maganar takarda. Da aka zo rabuwa shagon ya ninka kuɗinsa ban san sau nawa ba, Baffa ya ce shagonsa ne dama, Baba ya ce ai cinikin da muka yi tare ne ya ɗaga shi, aka yi ta zama gaban manya, aka sasanta a baki amma har Baffa ya rasu gaisuwar tasu ba ta koma yadda take ba. Ina yaro lokacin, abin da na sani kawai an daina aikenmu gidan da tuwon sallah na wasu shekaru. Sai ga shi a wata ƙasa, cikin wani littafi mai kauri kamar bulo, na tarar da rigimar gidanmu an ba ta lamba. Tsadar da shagon ya yi kafin a haɗu ta Baffa ce, wadda ya yi bayan an haɗu ta su biyu ce, in har shagon ya shiga cikin jarin ke nan ba aronsa aka yi ba, kuma duk abin da ake buƙata shi ne ranar farko wani ya yi wa shagon kuɗi a rubuta.

Wannan rubutawar ita ce kusan rabin kwas ɗin. Asusun jari suke ce masa, kowane abokin tarayya da nasa, abin da ka kawo a sa, ribarka a ƙara, asararka a cire, abin da ka ɗiba a cire. Doka ta bar ku ku raba riba da asara yadda kuka ga dama, kuna iya cewa wane ya kwashe duk asarar shekarun farko, amma sashe na 704(b) da ƙa'idojinsa na 1985 sun ce sai in da gaske ne. Wato wanda aka ba asara a takarda don ya rage haraji, to ranar da aka rushe kasuwancin aka zo rabon abin da ya saura dole a ga aljihunsa ne ya yi ciwo, a raba bisa abin da ke asusun kowa, in nasa ya zarce ƙasa da sifili ya ciko daga gida ko a bi wata hanyar da aka tanada. Ba ka cin daɗin asara a gaban gwamnati sannan wani ya ɗauke maka zafinta a bayan fage. Ni a ganina wannan ita ce ƙa'ida mafi hankali a duk dokar, duk da shafukan da aka ɓata wajen faɗinta sun isa a yi matashin kai.

Akwai kuma abin da suke ce ma besis, ni dai uwar kuɗi nake kiransa a littafina, wato nawa hukuma ta ɗauka ka zuba wanda ba za ta sake cajinka a kai ba. Matsalar guda biyu ne, akwai ta ciki, wadda haɗin gwiwar ke da ita a kan kayansa, akwai ta waje, wadda kai kake da ita a kan kasonka, kuma ya kamata su tafi tare amma kullum sai sun rabu, musamman in wani ya sayi kason wani ko ya gada. Sashe na 754 ne ke ba da damar a daidaita su. A gwajin tsakiyar semesta nan na zube, na manta na ƙara wa mutum kasonsa na bashi. Eh, bashi. In haɗin gwiwa ya ci bashin banki, kason kowa na bashin ana lissafa shi kamar kuɗi ya zuba, sashe na 752 ke nan, in bashin ya sauka daga kansa kuma kamar an ba shi kuɗi ne a hannu. Mun karanta shari'ar Tufts ta 1983, wasu da suka gina gidajen haya a Texas da bashin wajen dala miliyan 1.85 wanda banki ba shi da ikon bin su sai dai ya riƙe ginin, darajar ginin ta faɗi zuwa miliyan 1.4, suka miƙa wa wani ya ɗauka da bashin a kai suka ce sun yi asara. Kotun ƙoli ta ce a'a, duk bashin da aka sauke muku kamar kuɗi kuka karɓa, riba kuka ci. Mutum ya rabu da gini ya fita hannu rabbana kuma a ce ya ci riba, sai da na karanta sau uku.

Wadda na fi so dai ita ce Culbertson ta 1949, don ta shanu ce. Wani makiyayi a Texas ya shigar da 'ya'yansa maza huɗu cikin kasuwancin garkensa, hukuma ta ce wayo ne kawai don a rarraba riba haraji ya ragu, kotun ƙoli ta ce abin dubawa shi ne ko da gaske suka yi niyyar haɗuwa su yi kasuwanci tare. Ina karantawa ina tuna yadda ake ba yaro saniya a ruga tun yana ƙarami a ce tasa ce, alhali kowa ya san wa ke da iko da ita ranar kasuwa.

Kada wani ya ce wannan duk na manyan attajirai ne masu gine-gine. Tun 1997 duk mutum biyu da suka buɗe LLC, wato irin kamfanin da bashinsa ba ya bin masu shi har gida, ba su zaɓi wani tsari daban ba, to haɗin gwiwa ne a wajen haraji ko sun sani ko ba su sani ba, kuma mutanenmu a nan sun cika buɗe LLC kamar sayen katin waya. Bara wasu 'yan'uwa biyu suka zo wajena, sun haɗa kuɗi sun sayi babbar mota suna dakon kaya, ɗaya yana tuƙi ɗaya ya fi zuba kuɗi. Shekara biyu ba su cike 1065 ba don ba wanda ya gaya musu, tarar kuwa sama da dala 200 ce a kowane wata a kan kowane mutum ɗaya har tsawon wata goma sha biyu. Wannan bai ma dame su ba kamar lokacin da na nuna wa mai kuɗin K-1 ɗinsa, ga riba an rubuta masa zai biya haraji a kai, alhali ko dala ɗaya bai ɗauka ba, duk an mayar cikin gyaran mota da biyan bashinta. Ya kalle ni ya ce, Malam, kuɗin da ban gani ba zan biya wa haraji? Na ce Alhaji haka dokar take, riba ake bi ba abin da ya shiga aljihu ba, shi ya sa masu wayo ke rubutawa a yarjejeniya cewa duk shekara za a fitar wa kowa aƙalla abin biyan harajinsa. Ya ce wace yarjejeniya, ai ɗan ƙanwata ne. Na yi shiru ina kallon kwamfuta.

Saura sati uku jarabawa, awa huɗu ce kuma an yarda ka shigo da littafi, wanda duk wanda ya taɓa yi ya san ba taimako ba ne, kafin ka nemo shafi lokaci ya tafi. Har yanzu kadarori masu zafi na sashe na 751, wato irin su hajar sayarwa da kuɗin ciniki da ba a karɓo ba tukuna, ba su zauna min ba, ga maganar sayarwa a ɓoye, in ka kawo kadara aka ba ka kuɗi cikin shekara biyu sai a ɗauka ciniki ne kuka yi kuka sa masa rigar haɗin gwiwa sai in kun kawo hujja, ga ta shekara bakwai in aka ba wani kadarar da kai ka kawo. Duk na rubuta su a ƙananan katuna na liƙa a firij, matata ta ce gidan ya koma kamar ofishin lauya.

Ranar Lahadi na kira Baba. Bayan gaisuwa ya ce wai har yanzu karatun ne, kai ba ka gajiya, me ma ake koya muku? Na ce Baba, Allah ya ƙara girma, yadda ake rabon riba ne tsakanin abokan kasuwanci. Ya ce yo wannan har sai an je Amurka. Na ɗan yi jim, sannan na ce Baba lokacin da kuka haɗa da Baffa, an yi wa shagon kuɗi kuwa? Shiru ya yi har na duba wayar ko sabis ne ya ɗauke. Can ya ce, Yaya ne fa, ta ina zan fara ce masa a yi wa shago kuɗi. Sai ya tambaye ni ko an fara sanyi a wajenmu, ya ce in ba shi jikokinsa su gaisa.