Daga bayan kanta zuwa gaban alƙali: inda haƙƙin wanda ake zargi ke salwanta

Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ba shi da tsawo. Daga sashe na 33 ya fara, ya tsaya a na 46, kuma ɗalibin shari'a mai himma zai haddace shi cikin mako guda: haƙƙin rayuwa, mutunci, walwala, adalci wajen sauraron ƙara, sirri, addini, faɗin albarkacin baki da sauransu. Abin da aji ba ya koyarwa, sai zirga-zirga tsakanin caji ofis da kotun majistare, shi ne yawancin waɗannan haƙƙoƙi a kwana biyun farko suke zubewa, tun kafin lauya ya ji labari. Kuma abin da ke zubar da su sau da yawa ƙarami ne: lokacin da ba a rubuta ba, takardar da aka dangwala wa yatsa ba a karanta ba, ƙorafin da aka bari har lokacinsa ya wuce.

Darasin farko na agogo ne. Sashe na 35 ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, idan babu kuma kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. Duk wannan lissafi daga lokacin kamu yake farawa. To wa ya riƙe lokacin? Iyali suna cikin ruɗewa, sai bayan wata guda a tambaye su, wani ya ce Talata ne, wani ya ce Laraba bayan la'asar. Littafin caji ofis kuwa lokacin da aka shigar da sunan mutum yake nunawa, wanda zai iya zama washegari. Saboda haka aikin farko na ɗan'uwa shi ne ya sami takarda ya rubuta rana da awa da wurin da aka yi kamun, sunan ofishin da aka kai shi, da mutum biyu da suka gani da idonsu. Kamun ranar Juma'a da yamma ya fi kowanne buƙatar wannan, don uzurin da za a kawo a shirye yake: kotu ba ta zama Asabar da Lahadi.

Sai batun bayani, wanda a ofis ake ce wa sitatimen. A nan shari'u da yawa suke ƙarewa tun ba a fara su ba. Mutum yana zaune a benci ko a ƙasa, ba takalmi, ya kwana bai runtsa ba. Ɗan sanda mai bincike yana tambaya da Hausa, yana rubutawa da Turanci. A saman takardar akwai kalmomin gargaɗi da aka riga aka buga, masu cewa ba dole ne ya yi magana ba, amma ba a fassara masa su ba. Ya ce “na je wurin”, aka rubuta abin da ke nufin “na shiga cikinsu”. Aka miƙo tawada, ya dangwala. Wannan rabin shafin zai bi shi shekaru.

Doka ba ta bar wurin nan haka ba. Sashe na 35(2) ya ba shi damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa. A lura da wannan ƙarshen: ba lauya kaɗai ba, yayansa ko malaminsa ma ya isa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayani a gaban lauyansa, ko jami'in hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta, ko wakilin wata ƙungiyar farar hula, a naɗi iƙirari a bidiyo, kuma idan ba ya jin Turanci a samo tafinta ya karanta masa abin da aka rubuta, tafintan ya sa hannu. Wannan doka ta kotunan tarayya da Abuja ce, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Kuskuren da sababbin lauyoyi ke yawan yi shi ne kafa hujja da lambar sashen dokar tarayya a kotun jiha. A duba ta jihar, don lambobi da adadin kwanaki suna sauyawa.

Idan an kai ga kotu da irin wannan takarda, akwai bambanci guda da ya kamata kowa ya sani. Cewa “ban faɗa ba” daban, cewa “na faɗa amma dukana aka yi” daban. Wanda ya musanta cewa shi ya yi bayanin, kotu za ta karɓi takardar, sai a ƙarshe ta auna nauyinta. Wanda ya ce tilasta shi aka yi, sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya ɗora wa masu gabatar da ƙara nauyin tabbatar da cewa ba a matsa masa ba, kuma bisa al'ada akan tsayar da babbar shari'ar a yi ƙaramar shari'a a kan wannan kaɗai. Amma lokacin ƙorafin ɗaya ne: daidai sa'adda ɗan sanda ya miƙa takardar a karɓa a matsayin shaida. Idan aka yi shiru aka karɓa, aka zo ana labarin duka bayan wata shida lokacin kare kai, bakin alƙalami ya kusa bushewa. Shi ya sa idan akwai rauni a jiki, a nuna wa majistare ranar farko, a roƙe shi ya rubuta, a nemi umarnin kai shi asibiti. Tabo yana warkewa kafin shari'a ta zo. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗauri har shekara 25 ga mai azabtarwa, amma ba ta aiki sai da shaida.

Abu biyu kuma sun zama ruwan dare har mutane sun ɗauka halal ne. Na ɗaya, a zo neman mutum ba a same shi ba, a tafi da matarsa ko mahaifinsa “har sai ya fito”. Sashe na 7 na dokar 2015 ya haramta wannan ƙarara, dokar 'yan sanda ta 2020 ta maimaita. Na biyu, bashi. An yi ciniki, kuɗi sun maƙale, sai a kai ƙara caji ofis a ce zamba ce, a tsare mutum har ya sa hannu kan alkawarin biya. Doka ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Ɗan kasuwar da ya yi amfani da 'yan sanda ya karɓi bashinsa ya sani shi ma ana iya haɗa shi cikin ƙarar neman diyya. Beli kuwa a ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma mace tana da damar tsaya wa mutum kamar yadda namiji yake da ita, ko da an ce mata ta je ta zo da namiji.

Wurin da ya fi ci mini rai shi ne tsarewar jiran shawara. Ana zargin mutum da fashi da makami ko kisan kai, laifin da majistare ba shi da hurumin saurara. Sai a kai shi gaban majistaren duk da haka, a karanta takarda, a ce a ajiye shi gidan gyaran hali har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara a kan ko za a gurfanar da shi a kotu mai hurumi. A takarda an cika sharaɗin kai shi kotu. A zahiri an ajiye shi inda ba mai sauraronsa. Fayil yana iya kwana a teburin mai bincike bai ma isa ma'aikatar ba, ko a yi wa mai binciken canjin wurin aiki, shi ke nan. Kotun Ƙoli ta amince da ikon majistare na ba da umarnin tsarewa a hukuncinta na 2007, don haka gardama a kan halaccinsa ɓata lokaci ce. Inda ake samun nasara shi ne wa'adi. A dokar tarayya umarnin farko ba ya wuce kwana 14, sabuntawa ma haka, bayan nan kotu ta kira hukuma ta faɗi dalilin da zai hana a saki mutumin. Wa'adin ba ya aiki da kansa. Sai wani ya riƙe ranar da umarnin zai ƙare, ya zo kotu a ranar, ya tambayi inda fayil yake, ya kuma kai takardar neman beli Babbar Kotu. Waɗanda suke shekara uku, huɗu suna jiran shari'a, akasarinsu waɗanda ba su da mai riƙe musu wannan ranar ne.

Ranar gurfanarwa ma tana da nata tarko. Sashe na 36(6) ya ce a bayyana wa mutum laifinsa dalla-dalla da harshen da yake ji, a ba shi lokaci da abin da zai shirya kare kansa, ya yi wa shaidu tambayoyi, a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko sisi ba. A kotu mai cunkoso magatakarda yakan karanto tuhuma cikin sauri, ya juyo ya ce, “Ka ji? Haka ne?” Mutum ya ce “haka ne”, yana nufin an yi rigimar, ba yana nufin shi ya yi laifin ba, sai a rubuta ya amsa. Lauya ya tabbatar an rubuta a kundin shari'a cewa an karanta, an fassara, da sunan tafintan. Idan fassarar ba ta tafiya daidai a yi magana nan take, domin wanda yake da lauya bai yi ƙorafi ba, da wuya kotun sama ta saurari wannan kuka daga baya. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta ga fuskar kowa ba, abin da ke cikin kundi kaɗai take gani. Kwafin hukunci kuwa haƙƙin wanda aka yanke wa ne ya same shi cikin kwana 7.

Masu zuwa kotunan Musulunci ba baƙi ba ne ga wannan tunani. I'izari, wato alƙali ya tambayi mutum ko yana da sauran hujja kafin ya yanke hukunci, sharaɗi ne a mazhabar Malikiyya, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci suna rushe hukunci saboda rashinsa. Wanda ya fahimci i'izari ya riga ya fahimci rabin sashe na 36.

Wannan sashe bai tsaya a ƙofar kotu ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban Jami'ar Maiduguri da aka yi bayan wata tarzoma, kuma cikin dalilan har da cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda ɓarnar ta shafa, shi ya shugabanci kwamitin binciken. Duk mai zama a kwamitin ladabtarwa, a makaranta ko ma'aikata, ya riƙe abu uku daga nan: a ba mutum zargin a rubuce, a bar shi ya ji abin da shaidu suka faɗa ya mayar da martani, kuma wanda abin ya shafa kada ya zauna a kujerar hukunci.

Idan an riga an tauye haƙƙin, sashe na 46 ya buɗe ƙofar Babbar Kotu, kuma ƙa'idojin 2009 da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya sa wa hannu sun sauƙaƙa hanyar. Ba a neman izini kafin a shigar, babu wa'adin da ke kashe ƙarar, kuma idan mutum yana tsare wani da ya san abin da ya faru zai iya yin rantsuwa a madadinsa. Takardu uku ke raka buƙatar: bayanin mai ƙara da abin da yake nema, takardar rantsuwa, da hujjojin lauya a rubuce. Wanda ake ƙara yana da kwana 5 ya mayar da amsa. Sashe na 35(6) ya ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin a biya shi diyya, a kuma nemi gafararsa a bainar jama'a.

Inda irin wannan ƙara ke faɗuwa sananne ne. Wani ya ɗauko rigimar fili ko ta kora daga aiki ya sa mata rigar haƙƙin ɗan'adam, kotu ta kore ta don asalin kukan ba na babi na huɗu ba ne. Wani ya cika takardar rantsuwa da muhawarar doka da zafin rai, alhali sashe na 115 na dokar shaida abin da ya faru kawai ya yarda a sa: wa, yaushe, ina, awa nawa. Wani ya yi ƙarar ofis da doka ba ta san shi a matsayin wanda ake iya ƙara ba, ya bar Kwamishinan 'yan sanda da Sufeto Janar. Bayan an yi nasara kuma akwai sauran tafiya, domin kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa su sai da amincewar Antoni Janar, kamar yadda sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya tanada. Wannan ya kamata a faɗa wa mai ƙara tun ranar farko, kafin ya sayar da akuyarsa ya biya kuɗin shigar da takardu: sakin ɗan'uwansa yana iya zuwa cikin makonni, diyyar kuwa tana iya ɗaukar shekaru.