Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ranar da Motar Zariya Ta Tashi Ba da Ni Ba

Makon jiya mun tsaya a rasuwar Baba, da yadda na gama sakandare a 1988 na dawo gida ba aiki, sai gona da zaman dakali. Abin da zan faɗa yau kuwa, kwana uku na yi ina juya shi a raina kafin in iya rubutawa, domin ko matata ba ta san shi yadda yake ba. Ɗana na biyu ne ya tono shi. Kwanan baya ya same ni bayan sallar isha'i, ya durƙusa ya ce, "Baba, an buɗe ɗaukar soja, ina neman izininka in cike." Na ce masa ya ba ni lokaci. Daren nan ban runtsa ba.

Duk wanda ya san ni a unguwarmu ta Funtuwa ya san magana ɗaya a kaina: da soja zai zama, Innarsa ce ta hana. Ni na shuka wannan magana da bakina, ta yi saiwa, har ni kaina na kusa yarda da ita.

Son kaki a wurin Kawu na same shi, ƙanen Inna, wanda ya yi yaƙin basasa ya bar aiki yana saje. Da yamma yakan zauna a zaure yana goge tsohon takalminsa duk da ba inda za shi, yana ba mu labarin Daffo na Zariya, inda ake mayar da farar hula kurtu cikin wata shida. Shi ya fara gaya mini tun 1924 Turawa suka kafa wurin. Yakan yi mana kwatancen fareti da tsallen kwaɗo da sauran gwale-gwale, yana dariya kamar mai ba da labarin biki. Abin da bai taɓa ba mu labarinsa ba shi ne yayansu, shi da Inna. Wannan a bakin mata na tsinta. Yana cikin rundunar Murtala Muhammed da ta yi ƙoƙarin haye kogin Kwara daga Asaba zuwa Anaca a watan Oktoba na 1967, kuma ruwa ne ya ci shi tare da mutane da yawa. Ba gawa, ba kabari, ba ko hularsa. Inna ba ta ambatar sunansa sai a addu'a.

Ina da amini, gidansu katanga ɗaya da namu. Ba zan faɗi sunansa ba saboda iyalinsa. Shi ba ruwansa da soja. Ɗinki yake koyo, kuma hannunsa ya fara faɗawa, har ana ba shi wuyan riga ya yi shi kaɗai. Ni na dame shi. Lokacin mulkin Babangida ne, tsarinsa na tsuke bakin aljihu da ake kira SAP ya sa komai ya yi tsada, wanda ya yi boko da wanda bai yi ba duk a inuwa ɗaya muke zaune. Kullum ina kunnensa: albashi duk wata, ɗaki a bariki, fansho in an tsufa, ga kwarjini. Ya ce shi tsoron bindiga yake ji. Na yi masa dariya, na ce ɗinki aikin masu ciwon baya ne. Da kunya na ja shi, ba da hujja ba.

A 1989 muka tafi Katsina wurin tantancewa, jiharmu tana da shekara biyu da ƙirƙira. Tun asuba aka tara mu a fili, daga mu sai gajeren wando, an rubuta wa kowa lamba a ƙirji. Aka auna tsawo, aka auna faɗin ƙirji, aka sa mu haɗe ƙafafu a ga wanda gwiwoyinsa ke gugar juna, aka duba tafin ƙafa ko shimfiɗaɗɗe ne. Wani kofur yana bin layi yana taɓa kafaɗar mutum da sanda, wanda ya taɓa ya fita ke nan, ba tambaya. Sai gudu. Ni na zo cikin na farko-farko. Aminina ya kusa sarewa a zagayen ƙarshe, na rage gudu na koma gefensa ina ce masa, "Ɗaga ƙafa, saura kaɗan!" Ya ɗaga. Da sunaye suka fito, ga nawa ga nasa.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa ba.

Daren da za mu tafi, Inna ta kira ni ɗakinta. Fitilar ƙwai na ci a kan akwati. Ta riga ta haɗa mini ƙunshi: ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dakakken yaji a gwangwanin madara, sabulu sanda ɗaya, da allura da zare. Ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗin da na san na adashenta ne, ta danƙa mini a hannu ta rufe da nata hannun. Ta ce, "Ka riƙe salla. Kada ka zalunci kowa don kana da bindiga. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya tsare." Ko ɗigon hawaye ban gani ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta hana ni ba.

Na koma ɗakina na kwanta, sai barci ya ƙi. Can cikin dare na ji motsinta a tsakar gida tana alwala, daga baya na ji muryarta ƙasa-ƙasa tana ambaton sunan yayanta, sannan nawa, a jere. Jin sunana kusa da na mutumin da ruwa ya ci, sai wani abu ya tsinke mini a ciki. Na ga kogi, ni da ban taɓa ganin Kwara ba. Na ji sanyi har ƙashi. Zan iya cewa tausayin Inna ne, kuma akwai shi. Amma na san abin da ya fi yawa a zuciyata a daren nan, tsoro ne tsagwaronsa, irin wanda na yi wa aminina dariya a kansa.

Da safe na ɗauki ƙunshin na tafi tasha. Yana can ya riga ni, an yi masa aski tal, yana riƙe da jakar leda, ya kama mana wuri biyu a mota. Na ja shi gefe na ce, "Inna ta ce in na sa ƙafa a motar nan ba ta yafe mini ba." Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "To, ai ba a ja da uwa." Na ce ko shi ma ya fasa. Ya ce ya riga ya sallami maigidansa na shago, an yi masa addu'a a gida, da wane ido zai koma? Na miƙa masa ƙunshin Inna. Kuɗin kuwa na bar su a aljihuna. Mota ta tashi, ya leƙo ta taga yana ɗaga mini hannu, ni kuma ina tsaye da sauƙi a ƙirjina, sauƙin da har yau nake jin kunyarsa.

Da na koma gida Inna tana shara. Ta ɗago ta gan ni, ta ga hannuna ba ƙunshi. Na ce an ɗage tafiyar. Ta ce, "To," ta ci gaba da shararta. Kafin la'asar maganar da na faɗa a tasha ta zaga unguwa ta shigo gidanmu. Ba ta ƙaryata ba.

A jajibirin Kirsimeti na shekarar madugun 'yan tawaye Charles Taylor ya shiga Laberiya da mayaƙansa. Mu a lokacin ko a taswira ba mu san inda ƙasar take ba. Watan Agusta na 1990 dakarun ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, suka sauka Monrobiya babban birnin ƙasar, mafi yawansu 'yan Najeriya, a watan Satumba kuma muka ji a BBC mutanen wani madugun 'yan tawayen, Prince Johnson, sun kama Shugaba Samuel Doe sun kashe shi. Daga nan rediyo ta zama abokiyar kwanana. Aminina bai tafi da rukunin farko ba, amma ya tafi, kuma yana can lokacin da Taylor ya afka wa Monrobiya a watan Oktoba na 1992. Mahaifiyarsa takan aiko yaro ya tambaye ni me rediyo ta ce, don an san ni ne mai sauraro. Nakan ce a gaya mata lafiya lau.

Ya dawo hutu da igiya ɗaya a hannun riga, ya rame, ya yi baƙi, ya kawo mini agogo. Mutane suna ta zuwa kallonsa, ni kuwa kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ga yadda dattawa ke miƙa masa hannu, ni da nake koyarwa a firamare albashi na yi mini wata-wata. Sai da dare, muna zaune a dakalinmu na da, wani yaro ya fasa abin wasan wuta a bayan layi. Kafin in ƙifta ido aminina yana kwance rubda-ciki a ƙasa. Ya tashi yana kakkaɓe riga, bai dube ni ba. Can ya ce, "Yara ne fa, wallahi. Wasu ba su kai ƙanenka ba, bindiga ta fi su tsawo. In ba ka harba ba su harbe ka." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Inna ta yi maka gata. Ka riƙa gode mata."

A nan ya kamata in faɗa masa. Bakina ya buɗe, na ce, "Haka ne."

Daga baya aka tura su Saliyo. ECOMOG ta mayar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a watan Maris na 1998, muka ɗauka an gama. Ranar 6 ga Janairu 1999 'yan tawaye suka kutsa Firitawun, babban birnin ƙasar. Bayan 'yan makonni saƙo ya iso gidansu. A can aka binne shi. Ya bar mata da 'ya'ya biyu, ƙaramar ba ta fara tafiya ba.

Mutane kan tambaye ni ko ina nadamar rashin shiga soja. Wani lokaci ina yi, musamman yanzu da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta zama abin da ta zama, in na ga yaran da ke tsaye a shingen bincike cikin rana sai in ji kamar akwai bashin da ban biya ba. Wani lokaci kuma in dubi 'ya'yana in gode wa Allah. Wannan nadamar tana zuwa tana tafiya. Wadda ba ta tafiya ita ce ta mutum biyun da na ɗora wa kayana: wanda na ja zuwa inda ni na kasa zuwa, da wadda na laƙa wa maganar da ba ta faɗa ba.

Ranar addu'ar uku na raka Inna cikin gidansu. Mata sun cika tsakar gida, na tsaya daga bakin ƙofa. Mahaifiyarsa ta kama hannun Inna ta riƙe, ba da faɗa ba, cikin kuka ta ce, "Yaya, ke kin yi dabara, kin riƙe naki. Ni ce na kasa buɗe baki." Inna ta ɗago kai ta dube ni ta saman kawunan matan, kallo ɗaya, sannan ta mayar da idonta ƙasa ta ce, "Sai haƙuri. Kowa da kwanansa."

A hanyar komawa gida ina biye da ita, ba wanda ya yi magana. Da muka kai zaure na ce, "Inna." Ta tsaya ba ta juyo ba. Ta ce, "Je ka ɗebo mini ruwa, la'asar ta yi." Ta rayu shekara biyar bayan wannan, kuma ba mu sake komawa kan zancen ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Ɗana yana nan yana jiran amsa. Yadda muka yi da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.