Asabar da Lahadi a Mae Sot, bakin iyakar Tailan da Bama

A ƙauyenmu da ke kusa da Maigatari, kowa ya san sunan ƙasashen nan biyu tun kafin ya gan su a taswira. Tailan an san ta ne ta buhun shinkafa, wadda takan sauka a Kwatano, ta ratsa Nijar, ta faɗo mana ta ɓarauniyar hanya, har ta zama ɗaya daga cikin dalilan rufe iyakokin Najeriya a watan Agustan 2019. Bama kuwa, wadda gwamnatin soja ta mayar da sunanta Myanmar a 1989, an san ta ne daga bakin tsofaffin sojojin da Turawan Ingila suka ɗiba daga ƙasar nan suka kai su yaƙi da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Saboda haka, da aka tura mu kwas kan noman shinkafa a kusa da Bangkok, babban birnin Tailan, kuma hutun ƙarshen mako ya zo, abokan tafiyata suka nufi bakin teku, ni kuwa na yanki tikitin Mae Sot, garin da ƙasashen biyu suka haɗa kafaɗa.

Motar dare ake hawa daga tashar Mo Chit ta Bangkok, tafiyar kusan kilomita 500 zuwa arewa maso yamma. Bayan an wuce garin Tak hanya takan fara hawan duwatsu da kwana-kwana, kuma a nan ne shingayen jami'an tsaro suke. Suna shigowa mota da tocila suna duba takardun kowa, amma idonsu ya fi tsayawa a kan mutanen Bama da kuma baƙi irina. Ni kaɗai ne baƙar fata a motar, kuma tambayar da aka yi mini ba ta tsaya ga fasfo ba: wa ya gayyace ka, wa ya biya maka kuɗin mota, akwai wanda zai tarye ka idan ka sauka? Na nuna takardar makarantar da nake kwas, aka bar ni na wuce.

Mae Sot ƙaramin gari ne, amma kasuwarsa ta safe ta fi ƙarfin girmansa. Allunan shaguna da rubutun Tailan da na Bama suke, wasu har da na Sin. Maza da yawa suna ɗaure da zani har ƙasa, mata da yara sun shafa wani farin garin itace a kumatu don kare fata daga rana, masu tauna goron ƙasarsu kuma sun rina ƙasa da jan yawu. Akwai 'yan ƙabilar Karen, akwai Bamawa, akwai Sinawa masu cinikin duwatsu masu daraja, akwai kuma Musulmi da yawa waɗanda asalin kakanninsu daga wajen Indiya da Bangaladash ne. Abincin halal bai ba ni wahala ba ko kaɗan, domin a unguwar da ke kewaye da babban masallacin garin masu shayi suna buɗewa tun bayan sallar asuba, suna soya wata gurasa mai laushi da ake ci da romo ko da madarar gwangwani.

Da hantsi na hau babur zuwa bakin kogin Moei, wanda shi ne iyakar. Lokacin sanyinsu ya yi daidai da hunturunmu, ruwa ya ja baya sosai, har akwai wuraren da mutum zai iya ratsawa da ƙafa. A kansa aka gina Gadar Abota, wadda aka buɗe a 1997, sannan aka ƙara ta biyu don manyan motocin kaya a 2019. A Tailan hannun hagu ake tuƙi, a Bama hannun dama, agogon Bama kuma yana bayan na Tailan da rabin awa, ga shi kuwa gidajen garin Myawaddy na Bama suna tsallake kaɗan, har ana hango shanyar tufafinsu. Ban haye ba, domin ba ni da bizar Myanmar. Na tsaya a kasuwar Rim Moei da ke gindin gadar, inda wasu 'yan tireda suke zaune a bayan wayar shinge suna miƙo taba da busasshen kifi ta tsakanin ƙayoyinta, su karɓi kuɗi ta nan.

Duk wanda ya tashi yana cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba zai ji baƙunta a wurin ba. Ya san yadda kuɗi iri biyu ke yawo a aljihu ɗaya, ya san dangin da layin iyaka ya raba, ya kuma san cewa kowace hanyar hukuma tana da 'yan'uwa a gefenta. Bambancin shi ne, mu ko da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, abin da muka sha shi ne tsadar kaya da mutuwar ciniki. Su kuwa yaƙi ne a tsallaken kogi. Ƙungiyar 'yan tawayen Karen mai suna KNU tana faɗa da gwamnatin Bama tun 1949, kuma tun da soja suka ƙwace mulki a ranar 1 ga Fabrairun 2021 wutar ta sake ruruwa, har a Afrilun 2024 aka gwabza a kan Myawaddy kanta, dubban mutane suka tsallako Mae Sot neman mafaka.

Da yamma na bi ta gaban asibitin Mae Tao, wanda Dakta Cynthia Maung ta kafa a 1989 bayan ita ma ta gudo daga Bama sakamakon murƙushe boren 1988. Masu gudun hijira da leburorin masaƙu da na gonaki, waɗanda ba su da takardar da za su nuna a asibitin gwamnati, nan suke zuwa haihuwa da neman magani. Sansanin Mae La, mafi girma a cikin sansanonin 'yan gudun hijira tara da ke kan wannan iyaka, yana arewa da garin, kuma tun 1984 yake nan, wato akwai waɗanda aka haifa a cikinsa har suka haifi nasu. Ba a shiga sai da izini, ni kuma ban ga dacewar mutum ya je kallon wahalar wasu don nishaɗin Lahadi ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne tambayoyin da aka yi mini a shingen hanya, waɗanda mai masaukina ya warware mini dalilinsu. A gefen Bama na kogin, a wurare irin su KK Park da Shwe Kokko, an gina manyan gidaje masu katanga da masu gadi ɗauke da bindiga, inda ake tsare mutane ana tilasta musu damfara ta intanet. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta a 2023 cewa aƙalla mutum 120,000 ne ke cikin irin wannan hali a Myanmar. Hanyar kamun iri ɗaya ce kusan kullum. Ana tallata aikin ofis a Tailan ta Facebook ko Telegram, albashi da dala, a aiko wa matashi tikitin jirgi, mota ta ɗauke shi daga filin jirgin Bangkok, ta bi hanyar nan da na bi, cikin dare a tsallakar da shi kogi a kwalekwale. Kafin ya gane ya bar Tailan an karɓe fasfonsa, kuma wanda bai kawo kuɗin da aka yanka masa ba yana shan duka, ko a nemi iyayensa su biya fansa. A Fabrairun 2025 Tailan ta yanke wa yankunan wutar lantarki da man fetur, aka fito da dubban mutane, cikinsu da 'yan Afirka masu yawa, musamman 'yan Habasha da Kenya.

Bayan na dawo gida, ɗan yayata, wanda ya gama difloma a kan kwamfuta yana zaune ba aiki, ya same ni a zaure da wayarsa. Ya ce, "Kawu, tunda ka san ƙasar, duba mini wannan, sun ce aikin amsa saƙonnin kwastomomi ne, kuma su za su biya komai." Na tambaye shi wace irin biza suka ce ya nema, ya ce ta yawon buɗe ido, wai za a gyara idan ya isa. Na gaya masa cewa dokar Tailan ba ta yarda baƙo ya yi aiki da irin wannan biza ba, sai da bizar aiki da takardar izini, kuma kamfani na gaskiya shi ke aiko da takardun da ake kaiwa ofishin jakadanci tun daga nan. Na ce ya nemi adireshin ofishinsu da lambar rajistarsu, ya kuma tambaye su a wane gari zai zauna. Ya tura tambayoyin a gabana. Wanda yake ta rubuto masa dare da rana ya amsa cewa guraben sun kusa cika, ya hanzarta aiko da hoton fasfonsa, ba tare da ya taɓa ko ɗaya daga cikin tambayoyin ba.