Kwana 90

Ranar da aka yanke wa ƙanena shekara 7, Inna ba ta je Kaduna ba. Ni na dawo da labarin. Na sauka a Kwangila ta Zariya bayan magariba, na tari mai adaidaita zuwa Tudun Wada, ina ta saƙa da warwara kan yadda zan faɗa mata. Ashe ba sai na buɗe baki ba. Tana ganina ni kaɗai da ledar kayansa a hannu ta yi salati, ta shige ɗaki.

Ba wanke shi na zo yi ba. Da katan na tiramadol aka kama shi a bayan shagonsa, kuma ba ajiyar kowa ba ce. Shekarun ne suka tsaya mini a rai. Akwai yaron da aka gurfanar rana ɗaya da shi, kayansa ma sun fi yawa, shekara 2 ya samu. Abin da ya raba su takarda ce guda da mai gabatar da ƙara ya zaro daga fayil: hukuncin 2019.

Wannan takarda da hannuna a ciki. A 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, shekara ta zagayo aka same shi da 'yan kwalabe. Lokacin ana maganar aurensa. Ni na matsa masa, na ce amsa laifin kawai, mu biya tara a rufa asiri kafin zance ya kai gidan surukai. Muka biya, muka dawo gida har da cin tsire a Sabon Gari.

Sai da na zauna gaban lauya na gane abin da muka saya da kuɗinmu. Ya ce dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta hana alƙali ɗora wa mai laifin farko ƙololuwar hukunci, amma wanda ya sake dawowa ya fita daga wannan inuwa. Ita kuwa dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa hukumar da ita a 1989, sayar da miyagun ƙwayoyi a cikinta kan kai har ɗaurin rai da rai. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, yau kwana nawa da hukuncin?"

Na ƙirga a yatsu. Kwana 61. Mun ƙarar da su a zaman jaje da bin wani mutum mai cewa ya san manya (kuɗin motarsa kaɗai da an tara da ya biya rabin lauya). Ashe kwana 90 doka ta bayar a shigar da takardar ɗaukaka ƙara. In sun wuce, sai an roƙi kotu ƙarin lokaci, da hujja mai ƙarfi.

Ni da a zatona sabuwar shari'a za a yi, in kawo limamin unguwa ya shaidi halinsa. Ina! A Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna alƙalai 3 ne za su duba abin da aka rubuta a kotun farko, su nemi inda aka kauce wa doka. Haɗa kwafin wannan kundi ma da kuɗinsa. Barista bai yi mini romon baka ba: ya ce rushe hukuncin da wuya, shekarun zai kama. Zai duba ko an tabbatar da tsohon hukuncin yadda doka ta ce, da kuma ko an lissafa watanni 11 da ya yi a tsare kafin a gama shari'a.

Mun shigar a kwana na 83. Inna ta sayar da tunkiyarta biyu.

Asabar da ta wuce na kai wa ƙanena dambu da ƙuli-ƙuli a kurkuku. Ya rame, amma ya ce ya kusa sauke izu biyar. Da zan taso ya riƙe hannuna ya ce, "Yaya, an sa rana?" Na ce tukuna, Barista ya ce sai bayan hutun kotu.