Abin da na koya a teburin labaran waje a 2008

Yanzu da na ajiye aiki, zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Ni aka ɗora wa labaran ƙasar Sin a 2008, shekarar da ta zo wa mutanen can da nauyi. Tun a Janairu dusar ƙanƙara ta tsayar da jiragen ƙasa, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka maƙale a tashar Guangzhou suna neman hanyar gida don bikin sabuwar shekararsu.

Ranar 12 ga Mayu, da ƙarfe 2:28 na rana, girgizar ƙasa ta afka wa Wenchuan a lardin Sichuan. Sama da mutum 69,000 suka rasu. Abin da ya hana ni barci shi ne makarantu: ajujuwa sun rufta kan yara, alhali wasu gine-ginen da ke kusa suna tsaye. Iyaye suka fito riƙe da hotunan 'ya'yansu suna tambayar wa ya yi ginin, kuma da yawansu ɗa ɗaya tak gare su saboda dokar taƙaita haihuwa ta ƙasar a lokacin. Na haɗa rahoto na kai wa edita. Ko shafi na biyu bai buɗe ba ya ture shi gefe.

"Malam, mu Olamfik muke jira. Wa zai saurari wannan?"

A Agusta kuwa ba abin da aka rage. Bikin buɗe Olamfik a Beijing na ranar 8, lambobin zinare, azurfar da 'yan ƙwallon Najeriya suka samu bayan Ajantina ta ci su 1-0, duk ni na rubuta, wani ya karanta da sunansa. A Satumba badaƙalar madarar kamfanin Sanlu ta fashe. An zuba sinadarin melamin a madarar da aka tsarma da ruwa don ta ci gwajin inganci, jarirai kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya, shida suka mutu. Layi biyu edita ya ba ni, don a saka labarin ɗan sama jannatin Sin Zhai Zhigang da ya yi tattaki a sararin samaniya.

Ga masu tasowa: ku ajiye kwafin duk abin da aka ƙi muku. Ku koyi furta sunayen mutane daidai. Kada ku yi gardama da edita a gaban jama'a, ba ya yafewa.

Sunan da aka cire mini na bar wa Allah. Rahoton makarantun ne ban yafe ba, domin sai a Mayun 2009 hukumomi suka ce ɗalibai 5,335 ne suka mutu ko suka ɓace, kuma a ranar ma ba mu karanta ba.